Antibairos ɗina ya ƙi magana da NVDA, ina mafita?

MalaminFiramare_Jahun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san a zauren nan ba za a rasa wanda ya taɓa cin karo da irin matsalata ba.

Laftof ɗina 'yar kwatano ce, Windows 10 ke kanta, da NVDA, manhajar da ke karanta mana allo da murya mu makafi, nake shirya darasi da tambayoyin jarrabawa. Bayan babbar salla na aika da ita birni a canja mata batir, sai yaron shagon ya ɗora min wani antibairos, wai kyauta ce ya yi min. Tun daga ranar ban huta ba. Ina cikin rubutu sai in ji kibod ya daina shiga. NVDA ya ce "pane", sai shiru. In danna Tab ya ce "button", in sake dannawa ya ce "button". Botin na me? Oho.

Daren Talata abin ya kai ni bango. Wajen ƙarfe sha ɗaya, caji saura kaɗan, gobe da safe zan miƙa tambayoyin aji shida, sai ga shi ya sake tsayawa. Dole na tashi 'yata daga barci, 'yar aji biyar. Tana hamma tana harhaɗo min baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: R, E, N, E, W. Sai ta ce, "Baba, akwai ja akwai kore, wanne zan danna?" Ni gabana faɗuwa yake, na ɗauka bairos ya cinye min aiki. Ashe kuɗi suke nema, wai kwanakin gwaji sun ƙare.

Tambayata: wane antibairos ne mutum zai ji abin da yake faɗa, ya ba shi amsa da kibod da kansa, ba sai ya tashi yarinya da tsakar dare ba? Kuma wannan ɗin ta yaya zan rabu da shi?

Ɗan_Gaya:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Malam, Allah ya yi wa yarinya albarka. Cire shi kawai ka bar Defender, mai tsaron da ke zuwa a cikin Windows.

Baffa_Ringim:
Amin. Amma Ɗan_Gaya ka cika gaggawa. Abin da ya zo kyauta a cikin kwamfuta har yaushe zai iya da bairos ɗin shagunan buga takardu na ƙasar nan? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni tun da na fara riƙe kwamfuta na san sai an sayi antibairos daban.

Sarkin_Kibod:
Baffa, Allah ya ƙara girma, wannan maganar taka gaskiya ce a zamanin Windows XP da Windows 7. Yanzu abin ya canja. Tun daga Windows 8 aka mayar da Defender cikakken antibairos, kuma ba banza ba ne, kuɗinsa na cikin kuɗin Windows.

Malam, abin da ya sa nake goyon bayan Ɗan_Gaya shi ne ka gwada ka ji da kunnenka. Danna maɓallin Windows, rubuta Windows Security, danna Enter. Ka bi da Tab da kibiyoyi, za ka ji kowane botin da sunansa. In ka shiga "Virus and threat protection" za ka ji yaushe aka yi sikanin na ƙarshe, me aka kama, me aka yi da shi. In ya kama wani abu kana cikin aiki, NVDA zai karanta sanarwar, kuma ba zai ƙwace maka kibod ba. In ta wuce ba ka ji ba, Windows da A zai buɗe maka wajen sanarwa a Windows 10, a Windows 11 kuma Windows da N.

Dalilin da ya sa naka ke cewa "button, button" shi ne waɗanda suka ƙera shi zana botin ɗin suka yi don ido, ba su liƙa masa suna a ciki ba. NVDA ba ya kallon fuskar kwamfuta kamar mutum, tambayar manhaja yake yi "mene ne wannan?" In ba ta amsa ba, shi ma ba shi da abin faɗa. Wasu kuma da gangan suke rufe ƙofa, don kada bairos ya shigo ya kashe su, sai rufewar ta haɗa har da mu.

Ummu_Khadija:
Wallahi Malam labarinka ya taɓa ni, don ni ma na sha. Nawa ma ya fi ciwo. Na kai tawa wani shago a cire min irin wannan abin, ina zaune a benci, sai na ji yaron yana ƙus-ƙus da abokinsa suna dariya. Ashe foldata ya buɗe yana karanta wasiƙar da na rubuta wa yayata kan wata magana ta cikin gida. Ya ɗauka tunda ba na gani ba zan sani ba. Ya manta bai kashe NVDA ba, ga iyafis ɗina na bulutut a kunnena, ina jin duk layin da ya taka. Ban ce masa komai ba sai da ya gama, na faɗa masa sunan fayil ɗin da ya buɗe da inda ya tsaya. Har na fita bai iya haɗa kalma biyu ba.

Tun daga nan na yi wa kaina alkawari, duk manhajar da ba zan iya sakawa in cire da hannuna ba, ba za ta kwana a kwamfutata ba.

Ɗan_Gaya:
Anti kin burge ni. An ce gani ya kori ji, ranar dai ji ne ya kori gani.

MalaminFiramare_Jahun:
Ummu Khadija, Allah ya kyauta. Sarkin_Kibod na gwada yanzu. Ya buɗe, yana karantawa tiryan-tiryan, amma ya ce wani antibairos ne ke riƙe da tsaron, ya ambaci sunan wancan.

Sarkin_Kibod:
Haka ne, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da zarar an ɗora wani, Defender ja da baya yake yi. Ka cire wancan zai dawo bakin aiki da kansa. Danna Windows da R, rubuta appwiz.cpl, Enter. Nemo sunansa a jerin, danna Enter a kansa. Windows za ta nemi izini, in ka ji shiru a wajen ka danna Alt da Y.

Injiniyan_Ƙauye:
Bari in tsoma baki, ni mai gani ne, ina gyaran waya da kwamfuta a gefen Dambatta, ƙanena ne makaho shi ya sa ni cikin zauren. Inda Malam zai maƙale shi ne bayan Alt da Y ɗin. Allon cirewa na kamfanin ne, ba na Windows ba, don haka zai iya komawa "button, button". Kuma suna da wayo, botin ɗin "zauna da mu" babba ne, na cirewa ɗan ƙarami a lungu.

Sannan in kare 'yan sana'armu kaɗan. Ba mugunta ce ke sa yara ɗora waɗannan abubuwa ba. Kwastoma ne in ya karɓi kwamfuta bai ga alamar antibairos a fuska ba sai ya ce ba a gama aiki ba. Sai ya zame mana al'ada, kowa aka kawo a zuba masa. Ni kaina sai da ƙanena ya yi kwana biyu ba ya kula ni kafin na gane ɓarnar da nake yi.

Sarkin_Kibod:
Gaskiyar Injiniya. Malam, in ka kai wajen, danna maɓallin NVDA (wato Insert) da R. Zai ɗauki hoton abin da ke gabanka ya karanto rubutun da ke ciki. Ka bi da kibiya har ka ji kalmar Uninstall ko Remove, ka danna Enter a kanta, kamar ka danna da maus ne. Ba kullum yake ci ba, amma ya sha fitar da ni. In ka kunna labulen allo, wato abin da ke baƙanta fuskar kwamfuta don kada a leƙa maka, sai ka kashe shi tukuna.

Hajiyar_Gumel:
Ko kuma ka yi amfani da Be My Eyes a waya, ka haska fuskar laftof ɗin wani ya karanta maka. In dai sabis ɗin garinku na ɗaukar bidiyo.

MalaminFiramare_Jahun:
Hajiya, sabis ɗinmu sai na fita bakin rijiyar makaranta. In ɗauki laftof da waya da sanda in tsaya can ina haskawa, ai yara sun samu abin kallo.

Baffa_Ringim:
Har yanzu ba wanda ya amsa min maganar filash. Ku kuna ta batun jin murya. To ka ji murya rangaɗaɗau, bairos ya cinye aikin, me aka yi? Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Malam dole ya kai filash shagon buga takardu, kuma kwamfutocin nan kowa ya san halinsu, filash ɗari ke shiga cikinsu a wuni.

Ɗalibin_BUK:
Baffa na da hujja a nan. Lokacin da nake rubuta furojet a sashen ilimin masu buƙata ta musamman, na dawo gida Bichi hutu, na kai babi na biyu a buga min. Da na dawo na soka filash sai na ji sunayen foldodina duk suna nan, amma ban lura ba duk sun koma shotkot. Na danna ɗaya, shi ke nan na shigar da shi da hannuna.

Mai gani yana ganin 'yar kibiya a jikin hoton folda ya gane. Mu kuwa sai mun saurara. Abin da nake yi yanzu: in na buɗe filash sai in danna Ctrl da Shift da 6, ya jera komai dalla-dalla, NVDA ya karanta suna da nau'in fayil. In na ji "shortcut" a inda ya kamata in ji "file folder", ba na taɓawa. Kafin ma in buɗe, ina tsayawa a kan filash ɗin in danna Shift da F10, in sauko kan "Scan with Microsoft Defender".

Kuma fayilolin ba su mutu ba, ɓoye su yake yi. Bayan sikanin ka buɗe cmd, wato wajen rubuta wa Windows umarni, ka rubuta:
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
E ɗin nan harafin filash ɗinka ne, in naka F ne ka sa F. Za su fito. Kada ka yarda wani ya ce sai an yi fomatin.

Kawu_Babura:
Mu nan Smadav kowa ke sawa saboda filash. Yaya matsayinsa?

Injiniyan_Ƙauye:
Kawu, wannan na ƙasar Indunusiya ne, kuma su kansu masu shi cewa suke mataimaki ne, an yi shi ya zauna tare da babban antibairos yana lura da filash. Kada a mayar da ɗan aike mai gida. Duk wanda zai sa shi, ya fara bi da Tab ya ji ko zai iya sarrafa shi.

Baffa_Ringim:
To ni ɗana cewa ya yi in sayi Kaspersky.

Ɗan_Gaya:
Ba shi ne Amurka ta hana sayarwa a ƙasarta a 2024 ba?

Kawu_Babura:
Rigimarsu ce da Rasha, don kamfanin can ne. Ina ruwan mai tambayoyin aji shida a Jahun?

Sarkin_Kibod:
Kawu ka ba ni dariya. Baffa, ba na hana kowa sayen abin da ransa ke so. Abu ɗaya nake roƙo, kada a biya kuɗi sai an gwada. Kusan duk suna ba da kwanakin gwaji. Ka saka da kanka daga farko, in tun a wajen sakawa ya yi shiru to ka samu amsa. In ya wuce nan, ka nemi inda ake fara sikanin, da inda yake tsare abin da ya kama. Wannan na biyun shi ne mai muhimmanci a wajenmu, ga dalili.

Manhajar karanta allo aikinta shi ne shiga cikin sauran manhajoji tana leƙen rubutu tana sauraron kibod. Ɓarawon lambar sirri ma haka yake yi. Don haka wani lokaci antibairos kan ɗauki wani ɓangare na mai karanta allo, ko wani ƙari da ka saka masa, a matsayin ɓarawo ya kulle. Ka tashi da safe ka kunna kwamfuta, tsit. Mai gani in antibairos ya yi kuskure haushi kawai zai ji. Mu muryar gaba ɗaya ake ɗauke mana, kuma wajen da za ka je ka sako ta yana cikin allon da ba ya magana.

Wani abu kuma, wanda ya yi magana bana zai iya yin shiru baɗi, in sun sabunta shi sun canja masa fuska. Kada wanda ya ce maka "na yi amfani da shi shekara uku da suka wuce" ya sa ka fitar da kuɗi.

Ummu_Khadija:
Wannan shirun ya taɓa samuna. Narrator, mai karanta allo na Microsoft, shi ne ya cece ni. Ctrl da Windows da Enter, duk wanda bai haddace ba ya haddace yau. Yana cikin Windows, ba ya buƙatar intanet. Ina kuma ajiye da NVDA na tafi-da-gidanka a wani filash daban da ba ya zuwa shagon kowa, yana cikin gwangwanin allura da zare.

Ɗalibin_BUK:
Anti ƙarin bayani kaɗan, na filash ɗin ba ya karanta allon neman izini na Windows, sai wanda aka girka a cikin kwamfutar. Narrator kuwa yana karantawa.

Gaskiya_Ɗaci:
Ana ta zagaye-zagaye. A faɗi gaskiya mana. Rabin masu kukan "antibairos ya cinye min mai karanta allo" JAWS ɗin sata suke amfani da shi, wato mai karanta allon nan na kuɗi. An turo maka a guruf, an ce kafin ka saka sai ka kashe antibairos. Wanda ya ce ka kori mai gadi kafin ya shigo gidanka, baƙon arziki ne?

Baffa_Ringim:
Yaro, yi a hankali da bakinka. Ka san kuɗin JAWS na asali da dala? Mu da shi muka koya, hannunmu ya saba. Wanda ke jiran albashin ƙaramar hukuma kake cewa ya saya?

Gaskiya_Ɗaci:
Allah ya huci zuciyarka Baffa, ban nufe ka ba. Amma akwai hanya. Na asalin in ba ka biya ba yana aiki minti 40, sai ka sake kunna kwamfuta. NVDA kuwa kyauta ne halak malak, makafi biyu 'yan Ostireliya ne suka gina shi, Michael Curran da James Teh, tun 2006 aka fara. Akasarin maɓallan ma kusan ɗaya ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ɗan_Gaya:
Wane idon kuma? Ai mu sai dai a ce garin neman gira a rasa kunne.

Hajiyar_Gumel:
Kai Ɗan_Gaya, Allah ya shirye ka. Ni tambayata ta waya ce, ku yi haƙuri na karkatar da zance. Yawancin matan ƙungiyarmu ba su da kwamfuta, Tecno ce da itel da TalkBack, mai karanta allon waya. Su ma sai sun sa antibairos? Wata ta kai caji, aka tura mata wani abu ta Xender wai mai goge datti, yanzu talla ke rufe mata fuska, TalkBack na ta surutun da ba kai ba gindi.

Injiniyan_Ƙauye:
Hajiya a cire shi. Akwai Play Protect a cikin Play Store, ya wadatar wa wanda ba ya kwaso manhaja a titi. Abin da nake so ki ja musu kunne a kai shi ne izinin Accessibility, wanda ake bai wa manhajojin taimaka wa masu buƙata ta musamman. Miyagun manhajoji masu satar kuɗin banki wannan izinin suke nema, don da shi za su karanta duk abin da ke fuskar waya su danna abin da suka ga dama. Ku kuma kun saba ba da shi saboda TalkBack, sai ya zo muku kamar abin gida. Manhajar tocila ko ta goge datti ba ta da abin yi da wannan izini. Tun daga Android 13 ma waya kan toshe shi ga abin da ba daga shagon manhaja ya fito ba, to kada mai caji ya buɗe musu.

Kawu_Babura:
A dawo kan Malam. Defender ɗin nan ba sai da data yake sabuntawa ba? Ni ranar da na haɗa laftof da wayata, kafin in gama shan koko Windows ta shanye datar wata guda.

Sarkin_Kibod:
Kowane antibairos sai da sabuntawa Kawu, wanda aka bari wata shida kamar mai gadi ne riƙe da hotunan ɓarayin bara. Ka shiga saitin Wi-Fi, kan sunan wayarka, ka kunna "metered connection", Windows za ta rage haɗama. Sai ka riƙa shiga Windows Security da kanka kana danna "Check for updates" a ƙarƙashin "Protection updates". In kuwa garin ba sabis sam, akwai fayil a shafin Microsoft mai suna mpam-fe.exe. Wanda ya shiga Dutse ko Kano ya sauko da shi, na 64-bit ko 32-bit daidai da kwamfutarka, ka danna shi a gida ya sabunta ba intanet. Daga shafinsu kawai, kada a karɓa a guruf.

Amma akwai maganar da ban so in ɓoye wa Malam. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Antibairos daban, toshe ramukan Windows kanta daban. Tsofaffin laftof da yawa kuma ba su cika sharaɗin Windows 11 ba saboda ba su da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0.

Baffa_Ringim:
Ka ji ba! Ni da ke kan Windows 7 fa?

Ɗalibin_BUK:
Baffa naka tun Janairun 2020 aka sallame shi, NVDA ma daga fitowar 2024.1 ya bar Windows 7. Ka yi rubutunka da ita, amma don Allah kada ka shiga banki da ita.

Baffa_Ringim:
Me ke cikin bankin.

MalaminFiramare_Jahun:
Jama'a na dawo da rahoto. Alt da Y ya yi. Allon cirewa ya yi shiru kamar yadda Injiniya ya faɗa. NVDA da R ya karanto min, na ji "Uninstall", na danna. Sai ya kawo wani shafi yana tambayar dalilin da zan rabu da shi, da akwatunan zaɓi, nan kam Enter ta ƙi ci. Sau huɗu ina gwadawa. Ƙarshe dai 'yar tawa ce ta danna, amma wannan karon da rana tsaka, bayan ta dawo daga islamiyya, kuma ni na faɗa mata kalmar da za ta nema.

Na sake kunna kwamfuta, Windows Security ya ce Defender na aiki. Na yi cikakken sikanin, ya kama abu biyu, duk a cikin filash ɗin da na kai shago makon jiya. Ya karanta min sunansu.

Baffa_Ringim:
Biyun da ya gani ke nan. Wa ya san wanda bai gani ba?

Sarkin_Kibod:
Baffa ba ya saki. Malam, in kana son ƙarin natsuwa akwai "Microsoft Defender Offline scan" a cikin zaɓin sikanin. Sai dai in gargaɗe ka, zai kashe kwamfutar ya kunna, ya yi kamar minti 15 ba murya ko kaɗan. Kada ka tsorata ka danne maɓallin wuta, kuma kada ka fara sai da caji sosai.

MalaminFiramare_Jahun:
To sai Asabar in rana ta buɗe sola ta cika. Ɗalibin_BUK, rubutun nan na attrib, NVDA na haɗiye min alamomin. Tsakanin s da d akwai tazara? Kuma sandar da ke bayan E wacce ce, mai kwantawa dama ko hagu?

Ɗalibin_BUK:
Akwai tazara Malam. Ka bi shi harafi-harafi da kibiyar dama. Ta bayan E ita ce zai kira "backslash", tana saman Enter a yawancin kibod.

Hajiyar_Gumel:
Injiniya, matar nan ta ce abin ya ƙi cirewa, wai botin ɗin a dushe yake. Ran Alhamis za ta shigo kasuwar Maigatari, zan karɓi wayar in ji da kunnena.